Na Fassara Habaici a Rediyo

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Sau ɗaya na taɓa faɗinsa a inda bai kamata ba, kuma wannan ɗayan ya ishe ni har in koma ga Mahaliccina. Yana ƙasar Daura dai, in ka sauka daga titi sai ka yi ta fama da yashi har babur ya fara tari.

Daminar da ta biyo bayan babban farin nan ce. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, gidan rediyo ya ɗauke ni wakili, aka ba ni rikoda mai jakar fata da makirfo, aka ce in riƙa aiko da labarin manoma daga gida Daura. Ni nake ɗauka, ni nake ɗora bayani da muryata, in naɗe tef ɗin in ba direban motar haya ya kai ofis. In an saka, ya dawo mini da shi. Lokacin arzikin man fetur ya fara shigowa, kowa gini yake, gidajen burodi sai tsirowa suke a birane. Ni kuma ga sabon babur, ga wando mai faɗin ƙafa. Wallahi a lokacin in ka ce akwai abin da ban sani ba, sai mu ɓata.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san gawo. Itace ne mai taurin kai. Da damina, kowane itace na kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, geron da ke ƙarƙashinsa ya sha rana ya ci taki. Da rani kuma ya yi ganye ya zubo 'ya'ya. A shekarar fari, 'ya'yan gawo ne suka riƙe ragowar awakin mutane. To sai na fara ganin wata tifa tana ratsa Daura maƙare da gumagumai. Na tambaya, aka ce gawo ne, daga ƙauyuka ake saro shi a kai wa masu burodi su yi makamashi da shi. Raina ya ɓaci, amma in faɗi gaskiya har da murna a ciki, don na ga babban labari.

Na bi sawun tayar tifar har ƙauyen. Gonaki duk kututtura, wasu saran ko bushewa bai yi ba. Na tari manomi na farko na miƙa masa makirfo.

"Baba, yaya kuka ji da saran gawon nan?"

"Sai godiya."

"To wa ya ba da izini?"

"Ai damina ta yi kyau bana, alhamdu lillahi."

Na biyu ya ce sai alheri. Na uku ya ce shi baƙo ne, alhali a ƙofar gidansa na same shi yana gyaran danga. Kai, na ƙule! Na rufe rikoda na rataya, ina tafe ina tsaki. Nan ne wani tsoho mai jan akuya ya jera da ni, ya dubi jakar ya tabbatar a rufe take, ya ce, "Yaro, tifa ba ta shiga gonar kowa sai mai gari ya ce ta shiga. Je ka ga ƙofar da take tsayawa." Sai ya ja akuyarsa ya ƙara da cewa, "Ni ban ce maka komai ba."

Na je na duba, sawun tayar ya ƙare a ƙofar gidan mai gari. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi labari ba murya ko ɗaya, sai na jiyo ganga. Gayya ake yi a wata babbar gona bayan gari, samari sun jeru da garma suna huɗa, makaɗin noma na bin su yana zuga su. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, gangar ta kusa rufe shi, ƙannensa biyu na yi masa amshi. Daga baya na ji gangar ta kakansa ce, fata kawai ake sake mata. Can gindin tsamiya mai gari na zaune a kan tabarma cikin babbar riga, sabuwar rediyo a gefensa. Na gaishe shi, ya ce in ɗauki abin da nake so. Na buɗe rikoda don kada in koma hannu rabbana.

Makaɗin ya wasa wannan, ya wasa wancan, ya yi wa wani rago ba'a har ya zabura. Can sai ya sauya kiɗa, ya sassauta, ya ɗaga murya:

"Shekarar fari wa ya ci da akuya?"

'Yan amshi suka ce, "Gawo na tsaye."

"Wa ya riƙe ƙasa iska ba ta kwashe ba?"

"Gawo na tsaye."

"Wani mai babbar riga ya sai da inuwar kakansa,
Ya sayo akwati mai magana,
Ya zauna yana jira ta gaya masa ranar ruwa."

Garma ta tsaya a hannun wasu. Ba wanda ya waiwaya gindin tsamiya, ko mutum ɗaya. Sai ga dariya ta tashi, kuma wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne mai gari. Har ya aika wa makaɗin da goro. Ni kuwa na ƙara matso da makirfo. Abin da na wuni ina roƙon mutane su faɗa, ga wani ya faɗe shi da ƙarfi a gaban mai abin, kuma tef na juyawa.

Da aka tsaya shan fura na matsa kusa da shi.

"Baba, da wa kake?"

"Da gawo."

"A'a, mai babbar rigar fa?"

Ya kurɓi fura ya goge gemu. "Ɗan rediyo, riga nawa ce a ƙasar Hausa? Wanda ya tsargu, da shi ake."

Na ce zan saka waƙar a rediyo. Ya ce, "Saka ta yadda ka ji ta." Na ce to. Na ɗauka yana nufin kada in yanke masa baiti.

A wajen koyon aiki an dasa mana abu ɗaya a ka: kada ka bar mai sauraro cikin duhu, ka gaya masa wane ne, a ina, me ya faru. Na ce a raina, mutumin Sakkwato ko na Bauci ina zai gane wannan waƙa? Sai na zauna a ɗakina na ɗora gabatarwa. Na faɗi sunan ƙauyen. Na faɗi sunan makaɗin. Na ce a wannan waƙa yana kokawa ne da mai garinsu, wanda ya sayar wa masu tifa itatuwan gawon talakawa. Na saurara sau biyu, muryata ta burge ni, na kai tef ɗin tashar mota.

Ranar da aka saka, bayan la'asar, na tafi shagon mahaifina a bakin kasuwa. Tela ne, rediyonsa ba ta mutuwa, kuma na so ya ji ɗansa a gaban abokansa. Muryata ta fito. Keken ɗinki na tafiya, na tafiya, sai ya tsaya cak. Ganga ta fara ke nan mahaifina ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Abokansa biyu da ke zaune a benci suka tuna suna da uzuri.

"Kai, wa ya aike ka?"

"Baba, ai gaskiya ce."

"Na ce maka ƙarya ce? Kowa a ƙauyen nan ya san gaskiya ce, har mai garin. Makaɗi ya faɗa masa magana a gaban jama'a, ya bar masa ƙofar fita. Kai ka zo ka rufe ƙofar ka jefa makulli rijiya. A ina ka taɓa jin an fassara habaici?"

Na ce zamani ya sauya, aikin jarida ba ya tafiya da rufa-rufa, har da cewa irin wannan shirun ne ya hana talaka ci gaba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, mai ci gaba. Kai gobe kana Daura a kan babur. Shi fa?" Ya ci gaba da ɗinkinsa. Na fita ina huci, amma tambayarsa ta bi ni har gida.

Kwana uku bayan haka ɗaya daga cikin 'yan amshin ya zo shagon, ƙafafunsa buɗu-buɗu. Bai ko zauna ba. Ya ce mutanen mai gari sun je sun ɗauke gangar. An kai ƙara gaban hakimi cewa makaɗi ya zagi mai gari duniya ta ji. Ranar Alhamis za a zauna. In ta tabbata da mai gari yake, zai bar ƙasar, shi da iyalinsa, ga geronsa ya fara fid da kai a gona. Ya ce ni ma ana nemana, in zo da akwatina.

Ranar Laraba na tafi ƙauyen. Na sami makaɗin a zaurensa yana tufkar igiya. A bango ga turken da ake rataye gangar, ga shatinta a jikin ƙasa, ba ganga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Na fara kame-kame, ina cewa niyyata alheri ce, ina cewa in hukuma ta ji za ta hana saran.

Ya ce, "Tun ranar gayya tifar ba ta sake shigowa ba. Ka sani?"

Ban sani ba.

"Mai gari ya aika wa masu tifar su dakata, a asirce, ba wanda ya ce masa don me. Shekaranjiya ta dawo. Yanzu in ya hana, ya amsa laifi ke nan. Ubana ya yi wa ubansa irin wannan, kakana ya yi wa kakansa. Mu jefa dutse sama, mai kai ya kare kansa, gobe mu gaisa a masallaci. Kai ka cafe dutsen ka je ka ɗora masa a goshi, ka ce in ji ni."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Baba, me zan yi?"

"Ni ban san aikinku ba. Ni dai gawo na yi wa waƙa, shi zan faɗa gobe."

Da hantsi aka zauna a zauren hakimi. Hakimin dattijo ne marar yawan magana, yana jan carbi a hankali. Mai gari na damansa, fuska a murtuke. Makaɗi na zaune a ƙasa, gangarsa kwance a tsakiyar zaure kamar akuyar da aka kamo a gonar wani. Mutanen ƙauye sun cika ƙofa. A cikinsu na hango tsohon nan mai akuya, ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi.

Hakimi ya ce a saka abin da aka saka a rediyo, daga farko. Sau biyu zaren tef yana kufce mini. Muryata ta cika zauren, tana ta iyayi, tana jero sunaye. Ban taɓa ƙin jin wata murya kamar yadda na ƙi tawa ran nan ba. Sannan ganga ta shigo, waƙar ta tafi har ƙarshe, har da dariyar mutane, har da ta mai gari da ta fi ta kowa fitowa. Na kashe.

Hakimi ya dubi makaɗi. "Da wa kake?"

"Da gawo, ranka ya daɗe."

Ya juya ga mai gari. "Ranar da aka yi ta kana wurin?"

"Ina wurin, ranka ya daɗe."

"Ka ji sunanka a ciki?"

"Ban ji ba. A bakin yaron nan na ji."

"Ka tsargu a ranar?"

Mai gari ya gyara zama. "Ban tsargu ba."

Sai hakimi ya juyo gare ni, carbin ya tsaya. "To kai, ɗan samari, a ina ka samo? Makaɗi ne ya gaya maka da wa yake? Ko wani ne a garin ya ba ka labari? Faɗi, a kira shi."

Amsa na bakina, kuma gaskiya ce tsantsa. Na ga kututtura da idona. Na ga inda tifa take tsayawa. Tsoho ya gaya mini. Duk wanda ke zauren ya san da wa aka yi waƙar, hakimin ma ya sani. In na faɗa, labarina ya tsaya da ƙafafunsa, in koma ofis ina ɗan jarida mai gaskiya. Makaɗi kuma ya ɗaure kayansa, wataƙila tsoho mai akuya ya bi shi. Zuciyata na tafasa, tana cewa kai da ka yi karatu za ka ƙaryata kanka a gaban mutumin da ya sayar da itatuwan mutane? Na dubi gangar. Igiyar da ake ratayawa ta yi baƙi ƙirin da gumin kafaɗa.

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini, ranka ya daɗe. Daga kaina na ƙara."

"Ka ƙara." Hakimi ya gyaɗa kai. "A wajenmu in mutum ya faɗi abin da ba a gaya masa ba, bai kuma gani ba, akwai sunan da muke kiransa. Ko a rediyo daban ne?"

Na gane ba zai sake ni ba sai na furta. Mai gari yana bukatar kalmar, a gaban mutanensa.

"Ƙarya na yi, ranka ya daɗe."

"Ɗaga murya, na ƙofa ba su ji ba."

"Ƙarya na yi!"

Wani ya yi salati a bakin ƙofa. Hakimi ya ci gaba da jan carbinsa. Ya ce tunda mai gari bai tsargu ba, makaɗi kuma da itace yake, ba shari'a tsakaninsu, a mayar wa mutum gangarsa. Ni kuma, bakin da ya ɓata shi zai gyara, in koma rediyon in faɗa wa duniya abin da na faɗa a nan. Makaɗin ya tashi ya rungumi gangar, ya share mata ƙasa da hannun rigarsa, ya yi godiya ya fita. Ko kallona bai yi ba.

Na ɗauki ban haƙurin da muryata na aika, aka saka. Shugabana a ofis ya kira ni, ya wanke ni tas, ya ce wakilin da ya ce da bakinsa ya yi ƙarya ba a ba shi labari. Bai kore ni ba. Ya ce tunda ganga nake so, in je in yi ta ɗauko kiɗa ana cike gurbi da shi. A Daura kuwa na sha ba'a, abokaina in sun hango ni sai su ce ga mai fassara nan. Na yi kusan wata ba na zama majalisa. Tifar ta ƙara zuwa ƙauyen 'yan lokuta, sannan ta daina, har yau ban san dalili ba. Gawon da ya tafi dai ya tafi.

Da haushi na fara aikin, ina ganin an mayar da ni ɗan rakiyar makaɗa. Amma kunnena ya riga ya buɗe. Mai kukuma a kasuwar dabbobi yana waƙar burtalin da gona ta cinye. Mata masu kiɗan ƙwarya a gidan suna suna waƙar rijiyar da sai an ƙara wa guga igiya kowace shekara. Duk abin da ake ce mini sai godiya a kansa, yana nan a bakin mawaƙa. Sai na roƙi a riƙa saka waƙoƙin nan dab da shirin manoma. A haka na yi sauran shekarun aikina.

Da kaka ta yi, aka ce za a yi kalankuwa a ƙauyen, bikin gama girbi. Na daɗe ina shawara kafin in je. Na tsaya can bayan taro da rana tsaka, rikoda a rufe. Makaɗin na tsakiyar fili, ganga na tashi. Ya hango ni, ya ɗaga gula ya yafuto ni, ya nuna jakar ya yi alamar in buɗe. Na buɗe. Ya sauya kiɗa.

"Wani yaro ya zo da akwati,
Kunne biyu gare shi, baki goma.
An ba shi tuwo a rufe,
Ya kai kasuwa ya buɗe."

Fili ya kaure da dariya. Ba wanda ya dube ni, ko mutum ɗaya. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse, sai na samu kaina ina dariya fiye da kowa. A nan na gane dariyar da mai gari ya yi a gindin tsamiya. Makaɗin ya bari aka lafa, ya sassauta hannu.

"Amma ranar da wuta ta kama,
Bai ce wane ya hura ba.
Ya haɗiye garwashi da bakinsa,
Ga gangata a kafaɗata."

Na sunkuya kamar ina duba batir, don kada a ga idona.

Na aika da tef ɗin. Gabatarwar da na ɗora ba ta wuce numfashi ɗaya ba: ga kiɗan noma daga ƙasar Daura. Ranar da aka saka ina shagon mahaifina, na zauna a ƙarshen benci. Muryata ta zo ta wuce, ganga ta shigo. Da aka kai wajen baki goma sai keken ɗinki ya tsaya, ya miƙa hannu wajen rediyon, na ce a raina zai sake kashewa.

Ƙara murya ya yi. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara tabarau, ya ce wa abokinsa, "Ko da wa yake, oho." Ya ci gaba da ɗinki.